Martani: Wa Irmiya Ya Nuna Wa Yatsa?

Makalar da wani ɗan'uwa ya rubuta kan faɗuwar Urushalima ta taɓo abin da ke ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya, don haka bai kamata a bar ta ta wuce ba amsa ba. Ga gundarin maganarsa. Ya ce ikkilisiya a arewacin Najeriya ta ja da baya: matasa sun ƙaurace wa addu'ar tsakiyar mako, suturar mata ta sauya, zakka ta ragu, ana tsaka da wa'azi ana latsa waya. A ganinsa wannan ne ya sa Allah ya janye hannunsa kamar yadda ya janye daga Yahuza, ya bar 'yan bindiga suka ƙone majami'u, suka tarwatsa jama'a zuwa sansanonin gudun hijira. Magani kuwa, in ji shi, azumi ne na gama-gari. In aka yi shi da zuciya ɗaya, ƙasa za ta warke ba da daɗewa ba, ya kuma kafa hujja da alkawarin da Allah ya yi wa Sulemanu a 2 Tarihi sura 7.

Akwai inda ba ni da ja da shi. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye maganar hukunci ba. Da Assuriyawa suka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, da kuma sojojin Nebukadnesar na Babila suka ƙone Haikali a 586, marubucin Littafin Sarakuna bai ce tsautsayi ba ne, bai kuma ɗora laifin a kan ƙarancin dawakai ba. Cewa ya yi mutanen sun karya alkawari. Mai wa'azin da ya tsallake wannan don gudun ɓacin ran masu sauraro ya ci amanar aikinsa. Inda muka raba hanya da ɗan'uwana shi ne kan wanda annabawan suka tuhuma da wanda suka tsaya wa. Ya ɗauko tuhumar da aka rubuta saboda fada da kasuwa da majalisar alƙalai, ya kai ta ƙofar tantin 'yar gudun hijira.

Mu fara da ma'aunin da ya auna ja da baya da shi. Duk abin da ya lissafa a cikin ɗakin sujada yake: yawan masu zuwa, tufafi, baiko. To a zamanin annabi Amos, wajen shekara ta 760, lokacin da Yerobowam na biyu ke sarautar Isra'ila, wuraren sujada ba su taɓa cika kamar haka ba. Mutane na tururuwa zuwa Betel da Gilgal, ana hadaya kowace safiya, ana kawo zakka har ana shelarta, mawaƙa na kaɗa molo. Wannan makiyayi daga Tekowa ya tsaya a tsakiyar hidimar ya ce Allah ya gaji da idodinsu, ba ya ma son jin waƙoƙinsu. Laifin da ya lissafa musu a kasuwa yake da kotu: ƙaramin mudu wajen sayarwa, ma'aunin algus, haɗa dusa da alkama a sayar wa talaka, karɓar toshiyar baki a ƙofar gari inda ake shari'a, sayar da matalauci a bakin kuɗin takalmi. 'Yan kasuwar da ya kwatanta suna kiyaye Asabar sarai. Abin da ya ce kawai shi ne suna ƙosawa ta wuce su buɗe rumfa su ci gaba da cuta. Ya ambaci masu kwana a gadajen hauren giwa, kuma masu tonon tarihi da suka haƙa Samariya a shekarun 1930 sun fito da ɗaruruwan guntayen hauren giwa da aka sassaƙa don ƙawata kayan ɗaki. Da ɗan'uwana ya shiga Betel a wancan lokaci da ma'auninsa a hannu, da ya fito yana cewa ana cikin babbar farkawa.

Haka yake a Yahuza. Wa'azin da ya kusa jawo wa Irmiya kisa a bakin ƙofar Haikali ya yi shi, ga masu shigowa sujada, waɗanda suka ɗauka ginin da kansa laya ne da zai kare su. A sura 22 ya kama sunan Sarki Yehoyakim ya gaya masa laifinsa dalla-dalla: ya gina gidan sama mai faɗi da manyan tagogi, ya lulluɓe bango da katakon al'ul, ya shafa jan fenti, amma ya hana magina ladansu. Ya tuna masa cewa ubansa Yosiya ma ya ci ya sha, sai dai ya tsaya wa matalauci a shari'a, ya ce wannan shi ne sanin Allah.

Sai kuma abin da ya faru a shekara ta biyar ta sarautar Yehoyakim, wanda nake roƙon ɗan'uwana ya sake karantawa a sura 36. A wata na tara, cikin sanyi, aka yi shelar azumi ga dukan mutanen Urushalima da waɗanda suka shigo daga garuruwan Yahuza. Azumi na gama-gari ke nan, irin wanda yake kira a yi. A ranar ne Baruk, magatakardan Irmiya, ya karanta littafin annabin a Haikali. Maganar ta kai fada, aka ɗauko littafin. Sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu, ga kaskon wuta a gabansa. Duk sa'ad da mai karatu ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke, ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Fadawa uku sun roƙe shi ya bari, ya ƙi. Gari na azumi, fada na ƙona maganar Allah, kuma azumin bai hana Babila zuwa ba.

Kada a ce na manta da bautar gumaka. Annabawa sun yi ta maganarta, kuma Sarki Manassa har bagadan gumaka ya kafa a cikin Haikali. Amma surar da ta faɗi haka, 2 Sarakuna 21, ita ce ta ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Abin nan biyu tare suke tafiya a bakin annabawa. A makalar ɗan'uwana kuwa babu jimla ko ɗaya kan albashin da aka danne, ko gonar da aka ƙwace, ko alƙalin da aka saya.

Kuskure na biyu ya fi nauyi, domin shi ne yake cin zarafin mutane masu rai. Ɗan'uwana ya ɗauka wanda masifa ta faɗa wa shi ne mai laifi. Tarihin da ya kafa hujja da shi bai goyi bayansa ba. Manassa, wanda Nassi ya ɗora wa mafi girman alhakin rushewar Yahuza, ya yi shekara 55 a gadon sarauta, aka binne shi a lambun gidansa. Jikansa Yosiya, wanda ya gyara Haikali, ya rushe bagadan gumaka bayan an tsinci littafin Shari'a a shekara ta 622, an kashe shi a Magiddo a 609 a hannun Fir'auna Neko, bai cika shekara 40 ba. Wanda zai karanta adalci daga tsawon rai da kwanciyar hankali, to ya fara bayyana mana wannan.

A shekara ta 597 Nebukadnesar ya kwashi rukuni na farko zuwa Babila: Sarki Yekoniya, da fadawa, da maƙera, da masassaƙa. Littafin Sarakuna ya ce mutum 10,000 ne. Waɗanda suka rage a Urushalima suka yanke hukunci nan take, irin wanda ɗan'uwana ya yanke. Ezekiyel ya rubuta abin da suke faɗa a sura 11: wai waɗanda aka kwashe sun yi nisa da Ubangiji, ƙasa kuma yanzu ta zama tasu. A lura da rabin maganar na biyu. Tauhidin da ya ce ɗan gudun hijira mai zunubi ne yana da amfani ƙwarai ga mai ido a kan gonarsa. Amsar da ta zo ta bakin Irmiya a sura 24 ta kife lissafin. Ya ga kwanduna biyu na ɓaure a gaban Haikali, ɗaya mai kyau, ɗaya ruɓaɓɓe da ba ya ciwuwa. Masu kyau su ne waɗanda aka kora. Ruɓaɓɓun su ne Sarki Zadakiya da fadawansa da sauran waɗanda ke kwana a gidajensu suna ganin Allah ya wanke su. A cikin korarrun akwai Ezekiyel da kansa, kuma kafin su an riga an tafi da Daniyel da abokansa. Irmiya, wanda ya shafe rayuwarsa yana faɗakarwa, a ƙarshe jan shi aka yi zuwa Masar ba da son ransa ba.

Wannan ba ƙaramin zare ba ne a cikin Nassi. Habakuk ya yi gardama da Allah a kan yadda zai bar mugu ya haɗiye wanda ya fi shi gaskiya. Abokan Ayuba uku sun zauna suna lissafa masa zunuban da suke zaton ya yi, da hujjoji masu kama da na makalar nan, a ƙarshen littafin kuwa da su Allah ya yi fushi, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin hadaya, shi da kansa ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi kowa zunubi ba. Sai ya mayar da kiran tuba kan waɗanda suka tsira suke ba da labari. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu a dubi su wa ɗan'uwana yake magana a kansu. 'Yan mata 276 da aka kwashe daga makarantar Chibok a watan Afrilun 2014, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya ne. A watan Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatar wannan ikkilisiya da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Mutanen Gwoza da yawa sun tsallaka Kamaru, wasu suka ƙare a sansanin Minawao. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an kashe shi a watan Janairun 2020 bayan ya bayyana a faifan bidiyo yana yabon Allah a hannun masu riƙe da shi. Waɗannan ne suka ja da baya? Manoman ƙauye masu tafiya sujada a ƙasa, masu kawo baikon dawa da gyaɗa a lokacin kaka? In latsa waya a coci ne ke jawo wuta, ai manyan majami'un birni masu na'urar sanyaya ɗaki ya kamata su fara ƙonewa. Sannan wutar nan ba ta tambayi addini ba. An tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano a ranar 28 ga Nuwamba, 2014, kuma ƙauyukan Zamfara da 'yan bindiga suka tasa na Musulmi ne. Wace addu'ar tsakiyar mako suka ƙaurace wa?

Akwai wata illa da ɗan'uwana bai hango ba. Da zarar an ce kisan gilla bulalar Allah ce, an wanke mai kisan, an wanke wanda ya sayar masa da bindiga, an wanke jami'in da ya cinye kuɗin tsaro. Annabawa ba su yi wa kowa wannan rangwame ba. Ishaya ya kira Assuriya sandar fushin Allah, a sura guda kuma, ta 10, ya yanke mata hukunci saboda girman kanta. Babila ta sha nata saboda ba ta ji tausayin ko tsofaffi ba. Littafin Obadiya kacokan a kan Edom yake, 'yan'uwan jini da suka tsaya kallo a ranar da Urushalima ta faɗi, suka yi murna, har suka tare mararraba suna kama masu gudu. Wanda yake zaune lafiya yana fassara bala'in ɗan'uwansa, ya duba da kyau ko a wane littafi sunansa yake.

Sai batun izini. Irmiya ya yi maganar hukunci ne tun kafin ya auku, ya ce ya shekara 23 yana faɗa ba a ji. Ya biya farashi: firist Fashur ya sa aka yi masa bulala aka sa shi a turu, fadawa suka jefa shi a rijiyar da babu ruwa sai laka, har sai da wani Bahabashe mai suna Ebed-melek ya zura masa igiya da tsummoki, ya ce ya sa a hammata don kada igiyar ta yanke shi. Da abin da ya faɗa ya tabbata, bai yi alfahari ba, makoki ya yi. Faɗin dalilin Allah bayan gari ya ƙone, daga kan tebur a birnin da wutar ba ta kai ba, wani aiki ne daban, kuma ban san sunan annabin da ya yi shi ba.

Kuskure na uku shi ne alkawarin saurin warkewa. A nan ɗan'uwana ya zaɓi ɓangaren da ya sha kaye a gardamar da aka yi a Haikali a zamanin Zadakiya. Annabi Hananiya ya tsaya gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu Allah zai karya Babila, ya komo da kayan Haikali da korarru. Ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya ta a gaban kowa. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa haka, amma ya dawo da saƙon cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Hananiya ya yi maganarsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai. Wasiƙar da Irmiya ya aika Babila, wadda ke sura 29, ta ce shekara 70. Ta ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, har su yi masa addu'a. Ayar da muke son rubutawa a jikin kalanda, mai maganar kyakkyawan nufin Allah gare mu, a cikin wannan wasiƙa take, kuma an rubuta ta ga mutanen da yawancinsu a Babila za a binne su.

Tuba don neman biyan bukata kuwa an gwada ta a Urushalima. Da sojojin Babila suka kewaye birnin, Zadakiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da aka ji rundunar Masar ta taso, Babiloniyawa suka janye na ɗan lokaci, sai kowane maigida ya bi bawansa da kuyangarsa ya komo da su. Sura 34 ta ba da labarin. Bayan shekaru, a 518, wasu suka aiko suna tambayar firistoci ko su ci gaba da azumin wata na biyar da suka daɗe suna yi. Zakariya ya tambaye su ko don Allah suka yi shi tun farko, sannan ya maimaita musu tsohuwar magana: shari'ar gaskiya, da barin zaluntar gwauruwa da maraya da baƙo da matalauci. Alkawarin 2 Tarihi 7 ma yana ɗauke da sharaɗin barin mugayen hanyoyi, an kuma yi shi ne ga al'umma mai alkawari ɗaya da Haikali ɗaya. Najeriya ba ita ce wannan al'umma ba, kuma ba mu da ikon sa wa Allah ranar biya.

Maidowar ta zo, amma ba yadda Hananiya ya zana ta ba. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa a shekarar da ta biyo. Da aka kafa harsashin sabon Haikali, tsofaffin da suka ga na Sulemanu suka fashe da kuka, matasa na sowa, har ba a iya rarrabe muryoyin. Aiki ya tsaya shekaru, sai da Haggai ya taso a 520 kafin aka ci gaba, aka gama wajen 515. Da Nehemiya ya iso a 445, garun birni har yanzu a rushe yake. Ana cikin ginin garun ne kuka ya tashi, mata da maza: an jinginar da gonaki saboda yunwa da harajin sarki, an ba da 'ya'ya mata bauta, masu karɓar kuwa Yahudawa ne 'yan'uwansu. Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar da gonaki da gidaje, suka rantse a gaban firistoci, shi kuma ya ƙi karɓar abincin da aka saba ba gwamna har shekara 12.

Begen da annabawa suka bayar ya fi na ɗan'uwana ƙarfi, domin bai rataya a kan ƙoƙarin wanda aka zalunta ba. A Ezekiyel 36 Allah ya ce zai maido da su saboda sunansa, shi zai ba su sabuwar zuciya. Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, sojoji na bakin garu, ya sayi gona a Anatot daga ɗan baffansa Hanamel a kan shekel 17 na azurfa, ya auna kuɗin a gaban shaidu, ya sa Baruk ya adana takardun a cikin tulu don su daɗe. Ya san shi ba zai nome ta ba. Amma in aka gaya wa matar da ke sansani cewa azumin kwanaki zai mayar da ita gida, sannan shekara ta zagayo tana nan, abin da za a bar mata biyu ne: ko ta ce Allah ya yi ƙarya, ko ta ce tubarta ba ta karɓu ba. Duka biyun ɗora mata kaya ne a kan wanda take ɗauke da shi.

Ɗan'uwana, ba na cewa ikkilisiya ba ta da abin tuba. Tana da shi, da yawa. Roƙona shi ne ka sake rubuta makalar, ka aika ta inda Amos da Irmiya suka aika tasu. Ka tambayi dattawan ikkilisiya ko mai bisharar ƙauye ya karɓi albashinsa kafin a sayi tayil ɗin sabon gini. Ka tambayi wanda ake ba kujerar gaba ranar godiya ta shekara daga ina kuɗinsa suka fito, ka tambayi limamin da ya karɓa ko ya taɓa tambaya. Ka tambayi masu gidajen haya a cikinmu nawa suka ƙara wa waɗanda suka gudo, ka tambayi wanda ya sayi gonar ɗan gudun hijira a kan abin da bai kai ya kawo ba ko zai mayar ranar da mai ita ya dawo. Ka tambaye mu duka yaran sansani nawa ne ke makaranta da kuɗin baikonmu. In ka rubuta wannan, za ka rasa wasu abokai, watakila a daina gayyatarka wa'azi a wasu wurare. Ni kuwa zan sa hannu a ƙasan naka, kuma azumin da za a kira bayan an amsa waɗannan tambayoyi, da ni za a yi shi.